Tsagi na Huɗu

Malam Babakura birkila ya rasu ranar Talata da hantsi, a durƙushe kan daɓen kankaren da ya haɗa ƙofarsa da ta Alhaji Sherif, a layinmu da ke Azare. Gwangwanin kwalta na gefensa, bai huce ba. Likita ya ce zuciya ce. Gidana na kallon nasu, ni na ɗaga shi.

Malam Babakura ne ya zuba daɓen shekara tara da suka wuce, saboda motar Alhaji. Ya bar tsagi huɗu, kowanne faɗin yatsa. Duk shekara kafin bazara yakan ƙwaƙule su da guntun rodi, ya cusa wani abu baƙi, ya bi da kwalta.

"Me kake binnewa ne, Malam?" Alhaji ya tambaye shi bara, yana dariya.

"Hanci nake gyara masa. Kankare ma yana numfashi."

Da ƙafar Alhaji ta kumbura, sai ya tuna da maganar, ya fara tunanin ko asiri aka binne.

Kwana biyu bayan sadakar uku ya kawo leburori. Ya Fanna, matar mamacin, tana takaba, daga zaure ta yi magana.

"Alhaji, ko kabarinsa bai bushe ba."

"Ba zarginsa nake ba, Ya Fanna. Amma ni ke tsallake abin nan kullum. Mai numfashi a ƙarƙashin ƙasa, mene ne sunansa?"

"Roba ce. Tsohuwar tayar motarka ce ma."

Aka tona tsagi uku a gabana. Robar taya, yashi, tururuwa. Alhaji ya sa aka cike su da siminti. Kafin su kai na huɗu, Ya Fanna ta mirgino turmi ta kifa a kai.

"Wannan ya rufe da hannunsa ranar da ya tafi. Mai son tonawa ya fara ɗauke ni."

A watan Afrilu, da zafi ya tsananta, daɓen ya dare wuri biyar. Ɓangaren da ke jikin tsagi na huɗu ne kaɗai bai yi komai ba.

"Ka gani ko?" Alhaji ya ce mini. "Inda abin yake ne bai fashe ba."

Ƙafarsa ba ta saɓe ba har yau. Turmin na nan. Da azahar kwaltar da ke gefensa takan yi laushi, da shatin babban yatsan Malam a jikinta.