Fitilar Tsohuwa

Baba Nomau ne ya fara ganin ciwon akwatin, kuma ko direkta bai isa ya ƙwace masa wannan ba. Tun hantsi yake biye da Tahiru, mai gyaran na'urorin biro, wato ofishin da Nomau ke shara, tsintsiya a hamata, yana nanata masa.

"Ni na gani, yaro. Kuna barci na gani. Mutumin da ya haƙa gidan tururuwa ya ci hatsinsu a yunwar saba'in da uku, shi ƙaramar fitila za ta ɓoye wa?"

"Baba, don Allah matsa, ka tare mini haske."

Akwatin, wanda Tahiru ke kira suwic, yana kan kanta a bayan ƙofa, wayoyin odinatocin biro, wato kwamfutoci, duk a jikinsa suke haɗuwa. Kowace waya da raminta, kowane rami da fitilarsa. Na sababbin na'urori kore ne shar. Na tsohuwar na'urar Madam Ramlatu mai buga takardu kuwa kullum ruwan ɗorawa, kamar ganyen geron da ruwa ya yaudara. Yau ko ɗorawar babu, ramin da wayarta take ya yi duhu.

A cikin tsohuwar nan takardar neman hatsin Gidimuni take, garin su Nomau, inda ƙanwarsa Indo ke jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, tana ba jikoki. In takardar ba ta isa Yamai kafin azahar ba, kamyon furoje, motar hatsin agaji, zai wuce Gidimuni a rufe, sai wani watan. Tsohuwar na'urar kuma ba ta da bakin da za a soka mata kile, 'yar ma'ajiyar nan ta aljihu, a kwashe takardar.

Abin da Nomau bai faɗa ba shi ne yadda aka yi ya riga kowa gani. Da safe yana shara ya tsaya gaban akwatin, ransa ya ɓaci. Aikin Gidimuni a busasshen rami, na direkta da ba ya komai sai karatun jarida a kore? Shi da ya san rijiyoyi: in taku ta ƙafe, guga ake ɗauka a koma wata. Ya zare wayar tsohuwa ya cusa a ramin direkta, ya mai da ta direkta ramin tsohuwa. Koren ya mutu. Ya sake musanya da wata, da wata, har ya manta wadda ta fito daga ina. Sai ya ci gaba da shara.

Tahiru ya kashe akwatin ya kunna. Shiru. Ya kawo sabuwar waya. Shiru. Direkta ya leƙo daga ofishinsa yana cewa tasa na'urar rarrafe take yi.

"Tahiru, azahar fa ba ta jiran kowa," in ji Madam Ramlatu. "Ka ce mini ka yi karatun lakwal a Yamai."

"Lakwal!" Nomau ya yi tsaki. "Ni ko ƙofarta ban taka ba, 'yata, amma fari uku na binne. A ba ni akwatin nan in tofa masa."

"Tofin naka ya kawo ruwa bana, Baba?"

"Ba a tambaye ni ba."

Tahiru ya durƙusa yana bin wayoyin ɗaya-ɗaya da yatsa. Ya tsaya. Ya koma farko. Sannan ya ɗago a hankali.

"Madam, tsohuwar nan gudun goma take yi, sababbin gudun ɗari. Shi ya sa na ɗaure mata raminta a goma, na ɗaure sauran a ɗari. Yanzu ga ta a ramin ɗari. Akwatin na yi mata magana da sauri, ita ko kalma ɗaya ba ta kamawa. Ta direkta kuma an kai ta ramin goma."

"To wa ya kai su?"

Tahiru ya dubi tsintsiya, ya dubi mai tsintsiya.

"Ɓera," in ji Nomau, ko ƙiftawa bai yi ba. "Ɓerayen bana yunwa ta sa musu wayo."

"Ɓera mai yatsu biyar."

"Ka taɓa ƙirga yatsun ɓeran garin nan namu na Zango, yaro?"

Ladan na masallacin unguwa ya fara gyaran murya a lasifika. Tahiru bai tsaya neman ramin kowa ba. Ya zauna gaban tasa na'urar, ya kwance ɗaurin ramukan gaba ɗaya, ya bar kowace ta daidaita da akwatin a kan gudun da za ta iya. Kore ya kama, wani ya kama, na direkta ya kama. Ramin tsohuwa ya daɗe a duhu. Nomau ya tuna Indo, da ƙwaryar anza. Sai fitilar ta yi ƙif, ta tsaya. Ruwan ɗorawa.

"Ba kore ba ce," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ba za ta taɓa zama kore ba, Baba. Ko ramin gwamna ka kai ta."

Madam Ramlatu ta danna. Takardar ta tafi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri, tana tafe tana hutawa, har aka tada iƙama. Sannan Yamai ta amsa.

Da la'asar Tahiru ya shigar da akwatin cikin kabad, ya datse da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu yana kallon Nomau. Nomau bai ga wannan kallon ba, ko ya ce bai gani ba. Yana bakin ƙofar biro, direbobi da mai shayi sun kewaye shi.

"Ni da tsohuwar nan sa'anni ne," yake cewa. "Na tsaya a kanta na ce, tashi, Gidimuni na jira. Ta tashi. Yaron ya ɗan taimaka, ba na hana shi nasa."

Mai shayi ya ƙyalƙyale da dariya. "Baba Nomau, kai da ko rediyo sai an kunna maka?"

Nomau ya nuna ƙofar da bakin tsintsiya.

"Ga biro can. Duk mai musu ya shiga ya zare waya ɗaya tak, mu ga ko shi ma zai kai azahar da aikinsa."