Ranar da Gimbiya Ta Cinye Kafinta

Tun da idon Kafinta ya fara rauni ya bar wa yaransa shago, ba abin da yake ɗoki kamar yamma ta yi. Sai ya jawo ɗan teburin da ya ƙera da hannunsa, ya ɗora allon draf, ya ƙwala wa matarsa kira: "Gimbiya, zo ki sha kayen yau."

Kullum shi ke cinye ta, kuma ba ya ci da baki a rufe. Ya yi ta tsokanarta yana kaɗa ƙafa, ita kuwa ta harare shi ta tashi.

Da autarsu mai koyar da Turanci ta zo hutu, ya lura uwa da 'ya suna yawan shigewa ɗaki su turo ƙofa. Ya ɗauka hirar mata ce. Ashe draf Auta ke koya mata a waya.

Ranar da abin ya faru, bai gama gyara zama ba Gimbiya ta kwashe masa 'ya'ya uku a tsalle ɗaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Kafin ya ankara ta share allon tas.

Auta ta tafa. "Baba, da Turanci wannan shi ake cewa an juya tebur."

"Wane tebur? Ga shi nan inda na ajiye shi, ko motsi bai yi ba."

"Ba katakon ake nufi ba. Idan wanda ake ci kullum ya dawo shi ke ci, shi ke nan an juya tebur. Kamar a ce ɓangarenka mai nasara ya koma gabanta."

"To ai da sauƙi," in ji shi. Ya miƙe ya kama teburin ya juya shi, ɓangarenta ya dawo gabansa. Suka sake jera 'ya'ya. Ta sake cinye shi, wannan karon ma tana ɓare lemo.

Ya so ya ji haushi, sai ya ga tana dariya har da hawaye, irin dariyar da rabonsa da ji tun suna da ƙuruciya. Haushin ya ƙi zuwa.

Washegari da sassafe ya leƙa shago, ya tara yaran. "Kun san matata kuwa?" ya ce. "Duk unguwar nan babu mai ja da ita a draf. Wanda ya ƙaryata ya zo gidana, ni zan ba shi kujera."