Awa Biyar a Sama

Ba-Birki ake ce masa a tashar manyan motoci, kuma ko cikin tsofaffin direbobi ba a yi na biyunsa ba. Sau uku mota tana kifewa da shi yana fitowa da ƙafarsa. Bai taɓa zama a aji ba, amma mutuwa kam ya san ta ido da ido, don ya sha tallabe kan mutum a bakin kwalta har ya cika. Shi ya sa da ciwon matarsa ya yi tsanani, babbar 'yarsa ta ce a kira Auta, ɗansu da ke aiki a wata ƙasa, sai ya ɗaga mata hannu.

"Baba, ko ruwa fa da ƙyar take haɗiya."

"Ke yaushe kika fara ganin mara lafiya? In lokaci ya yi, ƙafa ce ke fara sanyi. Taɓa tata ki ji. Garin nan da kike tsoron nisansa, ni nan na kai kaya can, mako biyu ina kan sitiyari. Yanzu fa? Yaron da bakinsa ya ce mini awa biyar ne a jirgi. In na kira shi da hantsi, da shi za a ci abincin dare. Sabon aiki ya samu, ba zan sa a kore shi a banza ba."

Daga kan gado matar ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Maigida, kai dai da cika baki. Ko ranar aurenmu sai da ka makara."

"Taya ce ta fashe."

"Haka ka ce."

Aka kwana, aka sake kwana. Kullum da safe yakan ɗaga bargo ya taɓa ƙafarta, ya gyaɗa kai, ya fita. Ran nan ya taɓa, hannunsa ya daɗe a wurin. Ya ɗauki waya ya fita bakin ƙofa.

"Auta, ka hau jirgi yau. Uwarka tana son ganinka."

"Baba, tun yaushe take kwance?"

"Bar wannan. Ka taho."

Ya ji yaron yana danne-dannen neman jirgi, yana numfashi sama-sama. Can ya ce, "Jirgin da ke zuwa kai tsaye sau biyu yake tashi a mako, kuma na jiya ya tafi. Wanda ya rage sai ya sauke ni a wata ƙasa, in kwana ina jiran wani. In na samu kujera, jibi da yamma."

"Kai ka ce mini awa biyar."

"A sama, Baba. Awa biyar a sama."

Ba-Birki ya tsaya riƙe da waya har ta mutu da kanta. Da ya koma ɗaki ya tarar da 'yarsa tana jiƙa wa uwar leɓe da auduga. Numfashin ya sauya, yana fita da wani ɗan gurnani. Ya san wannan numfashin sarai.

Matar ta buɗe ido. "Ya taso?"

"Ya taso. Yana hanya."

'Yar ta dube shi, ya kawar da kai.

"To a share masa ɗakinsa," in ji matar, ta lumshe ido.

Ya zauna a ƙarshen gado, ya ɗora ƙafafunta a cinyarsa yana murza su da tafin hannu. Numfashin ya fita, ya ɗauke. Ya daina murzawa, ya kasa kunne. Can ya dawo, amma bai kai na baya ba.