Murfin Ɗan Rakiya

Yayana ido ɗaya gare shi, na dama. Na hagun ya mutu tun yana yaro. Da wannan ɗayan ya yi shekara talatin yana gyaran agogo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, da shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, da shi kuma ya jawo mana jarabar kallon taurari.

Duk Asabar bayan faɗuwar rana muke hawa saman benen ajiye motoci na tsakiyar gari, mu wajen goma sha biyu: wani direban tasi, malamin lissafi, ma'aikatan jinya biyu, da duk wanda ƙafarsa ta kawo shi. Fitilun gari sun cinye sama, in ka ƙirga tauraro ashirin ka yi sa'a. Amma Yaya ya haɗa madubin hangen nesa da hannunsa, bututu ne mai tsayin mutum, muna ce masa Dogo. A gadon bayan Dogo akwai wani ƙaramin madubi a ɗaure, shi ake fara leƙawa a saita tauraro kafin a koma babban. Shi muke kira Ɗan Rakiya. Dogo ba ya son taɓi, ko gwiwar hannu ta goge shi sai tauraro ya ɓace. Nan da nan za ka ga Yaya ya sunkuya kan Ɗan Rakiya ya dawo da shi, ko maganarsa ba ya katsewa. Sai ya yi haka sau ɗari kafin mu tashi.

Da aka ce za a yi husufin rana, muka shirya nuna wa mutanen gari. Yaya ya kafa doka. Bakin Dogo za a rufe shi da baƙin gilashi mai tace haske. Ɗan Rakiya kuwa ba shi da irin wannan gilashi, hasken rana in ya bi ta cikinsa wuta ce tsagwaronta. Ya kara takarda a bayansa ya nuna mana, nan take ta yi hayaƙi.

"Kwance shi za a yi gaba ɗaya, a jefa a jaka," in ji shi. "Ban ce a rufe ba. Auta, aikinki ne."

"Na ji."

"Ko ni kar ki yarda da ni. Hannuna ya saba."

"Haba Yaya! Sau nawa za ka faɗa? Ni yarinya ce?"

Ni kam Allah ya yi ni da baki, ga gajen haƙuri. Ya yi dariya ya ƙyale ni.

Ranar na riga kowa hawa. Notinan da suka riƙe Ɗan Rakiya ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa, ga tsatsa. Sukudirebar da na zo da ita ta yi musu girma. Na gwada da bakin makulli, na gwada da farce har ya karye. Mutane sun fara cika matakala, mata da goyo, tsofaffi, ma'aikatan ofis da suka sulale daga aiki. Yaya na can bakin ƙofa yana jera su. In je in ce masa na kasa, bayan bakin da na yi masa? Wallahi girman kai ne ya hana ni, ba komai ba. Na kifa wa Ɗan Rakiya murfinsa, na naɗe da salatif, na yafa farin zanen da muke kare Dogo da shi daga zafi.

"Auta, Ɗan Rakiya fa?" ya ɗaga murya daga can.

"An gama."

Awa guda komai lafiya. Wata ya fara gutsurar rana, mutane na leƙawa ɗaya bayan ɗaya suna salati, Yaya na tsaye a gefe yana bayani, bakinsa har kunne. Ni kuwa idona na kan zanen nan. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na haɗiye.

Sai layi ya rikice. Wani ƙato ya yi tuntuɓe, ya cafki zanen don kar ya faɗi, ya tafi da shi. Zafi ya riga ya saki salatif, murfin ya bi zanen, na ji ƙararsa a kan siminti. Matar da ke leƙawa ta ce, "Laa, ta ɓace!"

Yaya na tsakiyar magana. Bai ko tsaya ba, ya sunkuya kan Ɗan Rakiya yadda ya saba, ya ja Dogo ya nemo rana. Na ƙwala ihu, amma ihuna ya makara.

Bai yi ƙara ba. Ya miƙe a hankali, yana ƙifta ido.

"Auta," ya ce, "har an fara duhun ne?"

Rana tana nan tar a kanmu.

Likita ya ce tsakiyar idon ce ta ƙone, kuma ba ta dawowa. Yana ganin gefe-gefe, amma duk abin da ya kalla kai tsaye baƙin tabo ne ke zaune a kai. Masu zuwa dubiya duk abu ɗaya yake gaya musu: "Laifina ne, ni na leƙa." Ba wanda ya tambaye ni komai. Ni ma na ja bakina na yi shiru, ni da ba a taɓa ci na da magana ba. Na tsani kaina, na tsani Dogo, ko sama na daina ɗaga kai in kalla.

Bayan sati shida muka je kwashe shagon. Yana zaune a kujerarsa yana laluben kayan aiki, yana faɗa mini sunan kowanne ina sawa a kwali. Sai ya tsaya a kan wata siririyar sukudireba mai jan mariƙi. Ya juya ta a hannu, ya miƙo mini, hannunsa ya ɗan kauce daga inda nake.

"Wannan ce ke kwance Ɗan Rakiya," ya ce. "Tana aljihun rigata ranar nan. Taku goma ne tsakaninmu, Auta."

Ba faɗa a muryarsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na durƙusa a gabansa ina kuka, ina cewa ya yafe mini, ya dafa kaina har na yi shiru.

Agogo sun fi arba'in a bangon shagon, duk shi ya saita su, duk suna tafiya. Ya ɗaga kai wajensu ya daɗe.

"Ƙarfe nawa yanzu?" ya tambaye ni.