Hannun da ke Riƙe da Ɗamara

"Ba ni sa mishi mari, ranka shi daɗe."

Mode ɗan doka ne ya faɗi haka, yana tsaye a zauren Maigari, marin ƙarfe na ajiye a ƙasa tsakaninsu. Fadawa suka dubi juna. A wannan ƙauye na bakin Gulbin Rima, kusa da Kwargaba, ba a taɓa jin ɗan doka ya ce a'a ba.

"Mi kac ce?" in ji Maigari.

"Na ce ba ni sa ma Sale mari."

Maigari ya gyara zama. Dattijo ne marar son tashin hankali, kuma ya san Mode tun yana tsallen kwaɗo a fadama, kafin Turawa su kwashe shi zuwa yaƙin Bama, can ƙetaren teku, ya dawo da igiyar saje a hannun riga.

"Mode, wanga umurni ba nawa na ba, daga Di'o yah hito. Sale ya kama masinjan Bature tsakiyar mashigi, ya ja shi da ɗamara awa akuya har bisa tudu, shina ta ihu. Wandon mutum ya yage gaban mata. An ce a kai shi birni, inda aka tsare irinsu."

"Sale ba mahaukaci na ba. Wani shika son tsallakarwa."

"Wa?"

Mode ya san in ya faɗi sunan, mari biyu za a nema.

Maigari ya ce, "To, ka ji. Ranar kasuwar Goronyo 'yan doka na tahowa daga Wurno. In sun iske shi yadda shike, su tahi da shi. Kai ko, wanda yaƙ ƙi umurni ba shi kwana da jar dara. Aje ta nan."

Mode ya cire jar dararsa, ya ɗora kulki a kanta, ya ajiye su kusa da marin. Ɗamara kaɗai ya bari a jikinsa, don ita ba ta hukuma ba ce, da ita ya dawo daga Bama.

Abin da bai faɗa a zaure ba shi ne wannan. A can Bama, in sojoji za su ƙetare kogi, jeri suke yi, kowa ya cusa yatsu a ɗamarar na gabansa. Doka biyu ce: ba ka waiwaye, kuma ba ka saki sai na gaba ya ce "na taka ƙasa", maganar ta bi jeri har ta kai na ƙarshe, shi ma ya maimaita. Wata rana suna tsakiyar wani kogi da har yau ba su iya faɗin sunansa, aka buɗe musu wuta daga cikin kurmi. Na ƙarshe a jerin shi ne Abdulƙadiri, mutumin Tursa, yana riƙe da ɗamarar Sale. Sale ya kai gaci, ya ce ya taka ƙasa, ba wanda ya amsa daga baya. Da ya juya, ruwa kaɗai ya gani. Amma riƙon bai sake shi ba. Da shi ya shiga jirgin ruwa, da shi ya sauka Ikko, da shi ya iso gida.

Daga zaure Mode ya wuce gidan Sale. Hassana matar Sale tana tsakar gida tana sussukar gero, ta dube shi ba hula, ta ci gaba da abin da take yi.

"An tuɓe ka ke nan, Saje."

"Ni na tuɓe kaina. Ina shike?"

"Ɗaka. Bayanshi manne da bango, yadda ka sani." Ta jingine taɓarya. "An yi rubutu, an yi hayaƙi, 'yan'uwanshi sun ɗaure shi da igiyar jaki. Mata na ce mini in koma gidanmu tun ban haukace ba. Wa zai shanya mishi riga in na tahi? Zo ka gani."

Ta ɗauko riga daga kan danga. Rana ta gasa ta har ta yi ƙarau, amma a baya, daidai ƙugu, akwai wuri kamar faɗin tafin hannu da yake jiƙe sharkaf. Mode ya taɓa. Sanyi ne irin na ruwan da bai taɓa ganin rana ba. Ya kai yatsa hanci, ya ji warin ruɓaɓɓen ganye, irin wanda babu shi ko'ina a ƙasar Sakkwato.

"Kullum haka take," in ji Hassana. "Ban gwada ma kowa ba sai kai."

A ɗaki Sale na zaune a ƙasa, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Bai ɗaga kai ba.

"Saje, ruwa ya taso. Shina jana. Na shiga, na hito, na ce na taka ƙasa, na ce, na ce. Ba shi ji."

"To shi masinjan Bature mi yay yi maka?"

"Na ga mutum gabana cikin ruwa. Na ce ga jeri ya samu."

Wannan magana ita ta tsaya wa Mode a rai. Ya fita ya nufi fadama neman Yusha'u, tsohon kofur ɗinsu, wanda bam ya kashe wa kunne ɗaya ya bar masa baki cike da ba'a. Ya same shi yana gyaran kunyar dawa.

"A'a, gwamnati ba hula! Iska ta ɗauke, ko Maigari?"

"Bari wasa, Kofur. Gobe za mu tsallaka da Sale."

"Mu tsallaka mu je ina? Bama?"

"Mutum guda ba jeri na ba. Shi kaɗai shika shiga, ba kowa gabanshi, ba kowa bayanshi da za shi amsa. Mutanen gari ko sai su jawo shi da igiya tun bai kai gaci ba. Kai ka shiga gaba, Sale tsakiya."

Yusha'u ya daina dariya. Ya juyo da kunnen da ke ji.

"Wa ka shiga baya?"

"Ni."

"Wurin Abdulƙadiri ke nan."

"Na sani."

"Liman ya ce matattu ba su komowa."

"Gaskiya yah hwaɗi. Ba su komowa. Amma je ka taɓa rigar Sale."

Washegari da hantsi suka gangara mashigi su uku, kowa da tsohuwar ɗamararsa a kan riga. Hassana ta biyo su har bakin ruwa, ta tsaya da hannu a ƙugu, ta kafa wa matan da ke wanki ido har suka daina raɗa. Masunta suka ja jiragensu gefe. Damina ta kankama, gulbi ya yi ja, yana tafe da karan dawa da kumfa.

Yusha'u ya shiga. Sale ya kama ɗamararsa. Mode ya yi bisimilla, ya cusa yatsu a ɗamarar Sale, daidai wurin da ke jiƙe. Sale ya yi wata irin ajiyar zuciya, kamar wanda aka sauke wa dami.

Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Har nan Mode na jin bugun wanki da kukan jaki daga gari. Da ruwa ya kai ƙirji, duk suka ɗauke. Rana na tsaye a kansu amma ba zafinta. Gacin da ya sani tun yana yaro, mai rairayi da tsiron kaba, ya ga kamar ya yi duhu, ya yi tsawo, itatuwa sun haɗe kai a samansa. Warin nan na ruɓaɓɓen ganye ya cika masa hanci.

Sai ya ji yatsu suna shiga ɗamararsa ta baya.

Ba fizga aka yi ba. A hankali suka shiga, ɗaya bayan ɗaya, yadda mutumin da ya gaji ke kama abin da ya daɗe yana nema. Nauyi ya biyo baya, nauyin namiji da kayansa da bindigarsa. Ƙafar Mode ta zame a laka, ruwa ya shiga bakinsa. Wuyansa ya fara juyawa da kansa. Ya cije, ya kafa ido a ƙeyar Sale, don doka ce, kuma don ya san in ya waiwaya ya ga fuska, ko ya ga ba kowa, duk ɗaya ne, hannunsa zai saki Sale.

"Kar wanda yas saki!" Yusha'u ke ihu daga gaba. "'Yan banza, ku taho, ko tsohuwa ta hi ku sauri!"

Suka tafi. Ruwa ya sauka zuwa ƙugu, zuwa gwiwa.

"Na taka ƙasa!" in ji Yusha'u.

"Na taka ƙasa," in ji Sale.

"Na taka ƙasa," in ji Mode da ƙarfi, don Sale ya ji an amsa masa daga baya.

Sale ya tsaya cak. Ya kai hannu ƙugunsa yana lalube. Sai ya durƙusa a kan rairayi, ya fashe da kuka irin na yaro, daga nan ya kwanta ruf da ciki, bayansa a buɗe ga sararin Allah, barci ya kwashe shi da rana tsaka.

Mode bai zauna ba. Yana tsaye yana sauraro, ko za a ji murya ta huɗu. Gulbi kawai ke wucewa.

Yusha'u ya zagayo ya dube shi.

"Saje, mi?"

"Ba komi."

"Ƙarya kaka yi. Ga ɗamararka nan ta ja baya awa an rataya mata tulu." Ya tofar da ruwa. "To, ba kai kaɗai ka ɗaukar shi ba. Can ma karɓa-karɓa munka yi da akwatin harsashi. Wani tsallakawa ni ka shiga baya. Bari shi gwada ƙugun mutumin kirki."

Ranar kasuwar Goronyo 'yan doka suka zo daga Wurno da marinsu. Suka iske Sale a gona yana noma, ya ajiye hauya ya gaishe su, ya tambayi iyalinsu, Hassana ta kawo musu fura tana kallonsu ido cikin ido. Suka koma zaure suka yi ƙus-ƙus da Maigari. Aka yanke cewa a bar Sale a hannun Mode, amma in ya sake taɓa wani, su biyun za a tafi da su.

Magana ta bazu. Wani tsohon soja ya zo daga Rabah, wanda in aka fasa dutse sai ya shige ƙarƙashin rumbu. Wani ya zo daga Tursa, ƙanen Abdulƙadiri ne da ya yi nasa yaƙin a wata runduna, ya ɗaura ɗamara ya shiga jeri. Duk sa'ad da gulbi ya taso suka ga idon ɗayansu ya fara tafiya nesa, sai su gangara mashigi. In sun ƙetare su zauna a kan rairayi baya da baya, wanda ke da magana ya yi, wanda ba shi da ita ya yi shiru. Matsayin ƙarshe kuwa karɓa-karɓa suke yi. Wanda ya hau gaci da nauyi, shi zai koma gida da shi har tsallakawa ta gaba.

Amma hannun ya fi sabawa da Mode. Ko wani ya karɓa, kafin gero ya nuna ya dawo masa. Ba a kai Sale birni ba, ya tsufa a gonarsa, ya ga jikokinsa. Mode kuwa bai sake sa kakin hukuma ba. Mutanen da a da suke durƙusa masa suka koma kiransa Sajen mahaukata, suna janye 'ya'yansu in ya gifta. Bai ƙara yin tafiyar da ta nisanta shi da gulbi a damina ba, ko zaman makokin 'yar'uwarsa a Gusau bai je ba, don ruwa ya taso a lokacin. Kuma tun daga wannan hantsi har ya bar duniya, bai sake yin barci ba sai bayansa na manne da bango.