Kuskuren Rubutu a Saƙon Kanel

Su biyu ke kula da manhajar injinan sanyi a kamfanin. Yaya ce ta rubuta kanel ɗin, wato zuciyar manhajar da ke magana da injin kai tsaye. Ɗayan kuwa ƙaninta ne, wanda 'yan ofis ke kira Waƙafi, don ba ya iya ganin kuskuren rubutu ya ƙyale.

Shekara shida ke nan, duk sanda fankar injin ta tsaya, kanel ɗin sai ya rubuta "fanka ta tasya". Wata Talata Waƙafi ya gani, ya mayar da ita "tsaya", ya tura wa dukkan injinan, ya fita cin abinci.

Ashe manhajar da ke aika wa masu gyara gargaɗi a waya, "tasya" ɗin take nema. Ta yi gum har kwana goma sha ɗaya. Sai da wani mai shagon kifi ya bugo waya, ya ce warin ɗakin sanyinsa ya kai bakin titi.

Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujera kusa da teburinsa.

"Laifina ne tun farko," in ji ta. "Kanel ba shi da hurumin tsara jimla. Kamata ya yi ya ba da lamba kawai, kamar sha huɗu, manhajar sama ta fassara wa mutane."

"In ta saman ta mutu fa, Yaya? Mai gyara ya tsaya da sukundireba a hannu yana kallon sha huɗu?"

Tsohon mai gyaransu yana bakin ƙofa yana naɗe waya. Suka tambaye shi wanne ya fi so.

"Ni fa ban taɓa karanta abin nan ba," ya ce. "Kunne nake sa wa injin."

Sun kwana biyu suna jan maganar. Daga baya suka tsaya a kan cewa tsofaffin injinan za a mayar musu da kuskuren yadda yake. Sababbin kuma lamba zalla za su riƙa bayarwa, a manna takardar bayanin lambobin a cikin murfi.

Yaya ta ɗora wa Waƙafi rubuta takardar. Lamba ɗari biyu da sha biyu ce, kuma kafin wata ya ƙare ya kai ta casa'in. Mai kifin ya koma wani kamfani, bai ma tsaya jin bayani ba.