Tafin Ƙafar Malam Barci

Tela ce, kuma tun tana 'yar koyo take zuƙar taba a bayan shago. Da ta samu ciki ta rage, amma ba ta daina ba. Sai da jaririn ya fara tari ta je kemis, mai kemis ya miƙo mata cingam mai nikotin, irin na masu son barin taba.

"Sharaɗi ɗaya ne, maijego," ya ce. "Kada ki tauna kafin ya sha nono. Sai ya gama tukuna. Kafin ya sake nema, ƙarfin abin ya ragu a jikinki."

Ta ɗauka abu ne mai sauƙi, don ta manta da halin ɗanta. Yaron nan barci ya zo yi duniya. Tana shimfiɗa masa tawul a ƙarƙashin teburin yanka, kekunan ɗinki suna ta ƙara a kansa, ko gezau. 'Yan shago suka sa masa Malam Barci.

Ita kuwa bakinta yana tsami. Cingam yana aljihu, amma sai Malam ya tashi ya sha. Ran nan ta karkace wuyan rigar wani har sau biyu, ta ga ba za ta iya jira ba. Ta sunkuya kamar mai neman allura, ta ɗalle masa tafin ƙafa da yatsa. Ya farka, ta ba shi nono, ya ja kaɗan cikin magagi, ta jefa cingam a baki. Nan take ta ji duniya ta dawo daidai.

Abin ya zama mata jiki. Da ƙaiƙayin taba ya taso, sai ta sunkuya. Mai shago, dattijuwar da ba ta rabuwa da tef a wuya, har yabonta take yi gaban masu kawo ɗinki.

"Kun ga uwa ta gari! Ko kuka ba ta bari ya yi, ta riga ta san yunwarsa."

Telar takan yi murmushi, ta ci gaba da taunarta. Taba dai ta bari, tarin yaro ya warke, babu wanda ya yi ƙarya. Kunyar da take ji kuma ba ta wuce ƙarfin cingam ɗaya ba.

Wata ranar da aka yi ruwa, shagon ya ɗau sanyi. Mai shago ta cillo mata safa 'yar ƙarama da ta haɗa da ragowar ƙyalle.

"Sa wa ɗana, ƙanwata, kada mura ta kama shi."

Yaron idonsa biyu, yana ta ɓangalar dariya da igiyar tef da ke lilo daga tebur. Uwar ta durƙusa da safar, ta kai hannu ƙafarsa. Ko taɓa shi ba ta yi ba, ya janye ƙafar da sauri, ya naɗe ta a cikinsa. Dariyar ta ɗauke, ya zuba wa yatsunta ido.

"Ikon Allah," in ji mai shago. "Ni da na gwada masa ita ɗazu, har miƙo min ƙafar ya yi."

Telar ta miƙa wa dattijuwar safar.

"Yaya, ke sa masa."